Turmin da Mama Rifkatu Ta Ƙi Karɓa

Kun zo kun cika mini bakin rumfa a nan Shamaki kuna ɗaukar hotona da waya, har na ji ɗayanku yana cewa wai sassaƙa ba wani abu ba ce, a sami kututture a ƙwaƙule cikinsa, shi ke nan an yi turmi. To madalla. Ga gizago nan a jingine, ga guntun kirya can, mai maganar ya je ya ƙwaƙule mana mu gani. Kun kuma ce kuna so ku ji yadda masassaƙa suka tara kuɗi aka sayi Kurmin Jauro, don ku ma akwai wani daji da kuke so ku ceta, kuna ganin da kun watsa roƙo a waya kuɗi za su zubo. Zan gaya muku, amma ba labarin da za ku tafa mini ba ne. Ku jawo turamen nan ku kifa ku zauna.

Turmin farko da na sassaƙa da hannuna na yi shi ne a gaban maigidana, Bappa Manu. Ba ɗan'uwan mahaifina ba ne, amma duk masassaƙan Gombe Bappa suke ce masa, shi ne babbanmu. Kafin ya bari in taɓa turmi na yi shekaru ina wasa masa gatari, ina kankare muciya da ƙotar fartanya, ina share ɓawo. Ranar da ya miƙo mini kututture sai na ɗauka na zama mutum. Na yi ta zurfafa cikin ina jin daɗin yadda gizago ke shiga, ban tsaya na ƙwanƙwasa gindin na ji kaurinsa ba, sai ga haske ya ɓullo ta ƙasa. Bappa bai daka mini tsawa ba. Ya ɗaga turmin ya leƙa ni ta ramin, ya kifa mini shi a ka, ya ce, “Sale, ga hula ka samu, sai ka je da ita masallaci.” Har na yi aure abokan aiki suna ce mini Mai Hula.

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari na sara, babban gizago na fitar da siffa, da ƙarami mai dogon wuya da ke shiga ciki, sai dutsen washi da man kaɗanya. Wahalar ba a ƙarfen take ba, a icen take. Aduwa ta allo ce da ƙota. Marke yana yin taɓarya. Turmin kirki kuwa sai kirya, kuma kirya da ɗanyenta ake sassaƙa ta, don in ta bushe sai ta karya maka bakin gizago ta bar ka da ciwon kafaɗa. In ka gama ka shafe turmin da mai ciki da waje, ka ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, in ba haka ba ya tsage. Ita kuma kirya ba ta da gaggawa. Wadda za ta ba ka turmi yau, kakanka ya gan ta tana ƙarama.

Masu sayen kayanmu mata ne, kuma ba a yi wa mace wayo a kan turmi. Za ta ƙwanƙwasa ta kasa kunne, ta zura hannu ta shafa cikin, ta girgiza shi ta ga ko gindin ya zauna. Cikinsu babu wadda ta kai Mama Rifkatu bin diddigi. Mutuniyar wajen Kaltungo ce, ta daɗe tana shugabancin wata makarantar firamare kafin ta yi ritaya ta zauna a Manawashi. In ta zo sayen turmi sai ta sa na sauke duk na rumfar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar tana duba farcen ɗalibai, sannan ta taya da abin da zai sa ka yi salati. Amma ba ta taɓa sayen turmi a wurin wani ba, kuma duk 'yar da za ta aurar a danginsu ko a cocinsu, wurina take kawo uwar.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda masu gawayi da masu injin yankan katako suka haɗu a kan dajin. Da can da jaki muke zuwa mu dawo kafin la'asar. A shekarar sai ka hau mota ka yi nisa, ka sauka ka yi ta tafiya, ba abin da kake gani sai kututture da baƙar ƙasa inda aka toya gawayi. Madobiya ta ɓace, kirya ta bi ta. Muka koma sayen icen mangwaro a hannun masu sare na gidaje, muna shafe shi da mai ya yi duhu. Wata mai tuwo-tuwo daga Bolari ta sayi guda a wurina, ba a rufa wata ba ta dawo da shi a keke ya rabe biyu, ta jefar a gaban rumfa kasuwa na kallo. Ta ce, “Malam, na ce ka ba ni turmi, ka ba ni kankana.” Na ɗauko na kirya ɗaya da ya rage mini na ba ta. Da yawa daga cikinmu a shekarar suka ajiye gizago suka koma tuƙa keke.

Wuri ɗaya ne injin bai shiga ba, shi ne Kurmin Jauro, can bayan gari in ka bi hanyar Dukku ka ratse. Ba wani ƙaton daji ba ne, amma in ka shiga sai ka ji sanyi ya sauko maka. Akwai kirya manya, da madobiya, da kanya da taura, da wasu itatuwan da masu magani ke cewa ba sa samun su ko'ina yanzu. Gefensa akwai kwari, kuma saiwoyin kurmin ne suka riƙe bakin kwarin bai ci gonakin mutane ba. Tsohon Jauro, mai unguwar Fulanin wurin, shi ya tsare shi da sandarsa. Mu kaɗai yake bari mu sari ɗaya jifa-jifa, shi ma sai Bappa Manu ya je da goro ya nuna wadda yake so.

Da Jauro ya rasu aka zo rabon gado, gari kuma ya riga ya iso bakin kurmin. Masu yanka fulotai suka taya, har suka fara kafa duwatsun shaida a gefe. Babban ɗansa, Buba, ya zo har rumfar nan ya same mu. Ya ce, “Bappa, ni ba na son in ga an share wurin nan, amma magada suna da yawa, kowa da buƙatarsa. In kun kawo abin da mutanen nan suka taya kafin a gama girbi, naku ne. In kun kasa, kada ku ga laifina.” Muka ce mun ji. Abin da suka taya ɗin, ko mun sayar da rumfunanmu da gizagonmu ba za mu haɗa rabinsa ba.

Nan aka ce a buɗe gidauniya, aka kuma ɗora mini yawon, wai ni ne mai baki. Ku da kuke ganin roƙo abu ne mai sauƙi, ku jira ranar da za ku tsaya da furfurarku a ƙofar shagon yaron da kuka haifi kamarsa, yana danna waya bai ko ɗago ba. Ni da ban taɓa miƙa hannu ba sai don karɓar kuɗin aikina, na bi maƙera, na bi masu magani, na bi masu zuma, na tsaya bayan sallar Juma'a na yi bayani. Maƙera sun bayar, masu magani sun bayar. Amma kusan duk inda na je sai an yi mini dariya iri ɗaya. Wani dillali a Bolari ya ce, “Masu sare itace ne ke neman kuɗin tsare itace? A ba kura ajiyar nama ke nan.” Don haka na riƙa rantsuwa a duk inda na tsaya. Na ce mun yi shawara, daga yau babu ɗanyen icen da zai sake faɗuwa a kurmin nan, sai wanda iska ta kayar ko ya bushe da kansa. Shawarar kuwa mun yi ta, Bappa na zaune, ya gyaɗa kai.

Dawa ta fara nuna, abin da muka tara bai kai ko'ina ba. Sai ga Mama Rifkatu a rumfa, ba turmi ta zo saya ba. Ta ce ta ji labari. Akwai ƙungiyar mata masu sayar da hatsi da take shugabanta, Musulmi da Kirista, suna da ajiyar da suka daɗe suna tarawa, kuma tana da tsofaffin ɗalibai da in ta kira su ba sa iya ce mata a'a. Ta ce, “Malam Sale, muna yara a garinmu akwai irin wannan kurmi, yanzu ko inuwar da akuya za ta kwanta babu. Zan iya cike muku gibin. Amma kuɗin mata ne, guminsu ne, ba zan sa su a abin da ban gani ba. Za mu zo mu gani da idonmu. Kuma wannan rantsuwar da kake yi, gaskiya ce?” Na dafa ƙirji na ce mata gaskiya ce.

Ana saura 'yan kwanaki su zo, Bappa Manu ya daina fitowa rumfa, wasu daga cikin manyanmu ma na daina ganinsu. Na tambaya aka ce suna wani ɗan aiki. Ni kuma ina can ina neman kekunan da za su kwashi baƙi da tabarmin aro, ban bi ta kai ba.

Ranar da suka zo, da hantsi muka isa. Ni ne a gaba, mata na biye da ni da lemarsu, ina nuna wannan ina nuna waccan, bakina har kunne. Na kai su bakin kwari suka ga saiwoyi. Wata Hajiya ta tsinci taura tana ta murna, ta ce rabonta da ita tun tana budurwa. Na ga Mama Rifkatu ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon rassan, na ce a raina an gama. Muka dawo inuwa inda aka shimfiɗa tabarmi, gidan Jauro suka aiko da fura da nono.

Ana cikin sha sai ga Bappa Manu cikin babbar rigarsa ta Sallah, mutum biyu na biye da shi ɗauke da wani abu an lulluɓe shi da sabon zane. Suka dire a gaban Mama Rifkatu, Bappa ya yaye zanen da kansa. Turmi ne. Na yi shekaru a sana'ar nan, ban taɓa ganin kamarsa ba. Jajawur, ƙugunsa a tsuke, bakinsa sumul, an zagaye gindin da zane irin na da wanda yanzu ba mai haƙurin yinsa. Matan suka rangaɗa guɗa. Ni kaina da na gan shi sai da na ji ƙirjina ya buɗe, na ce yau baƙi za su san da masassaƙa suke magana.

Mama Rifkatu ta yi abin da ta saba. Ta ƙwanƙwasa, ta zura hannu ta shafa cikin. Sai ta fito da hannun ta kai hanci. Ta sake shafawa ta murza yatsunta.

Ta ce, “Baba, wannan ai ɗanye ne. A ina aka saro shi?”

Bappa ya gyara tsayuwa, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, “A nan ciki, 'yata. Uwar kiryoyin kurmin ce, babu kamarta. Mu a wurinmu ba a ba babban baƙo kwantai.”

Ku fahimci wannan, don kada ku ce tsufa ne ya taɓa shi. Al'adarmu ce tun kakanni. In babban baƙo ya zo wa masassaƙa, ba a shiga rumfa a ɗauko masa abin da ya kwana bai sayu ba, wannan zagi ne. Sabon sara ake yi masa, daga icen da ya fi kowane kyau, a kai masa yana ƙanshin daji. Gwargwadon girman baƙo, gwargwadon icen. A wurin Bappa wannan ba sara ba ne, karamci ne, bai ma ga inda ya haɗu da rantsuwarmu ba. Waɗanda suka taya shi kuwa duk suna wurin da aka yi shawarar, kuma babu ko ɗaya da ya ga aibu.

Mama Rifkatu ta ce a kai ta wurin da aka sare kiryar. Ba wanda ya motsa, sai Bappa ya wuce gaba da sandarsa, har lokacin yana ganin yabo za a yi. Wurin yana can ƙuryar da ban bi da su ba. Tun daga nesa muka ga rana ta sauko inda da babu rana. Kututturen yana nan, faɗinsa ya isa mutum ya yi salla a kai, yana ta tsattsafo da ruwa. Rassan na zube ganyen bai gama bushewa ba, kuma wajen faɗuwa ta danne ƙananan kiryoyi da madobiya ta kakkarya su.

Mama Rifkatu ba ta bi ta kan Bappa ba. Ni ta juyo ta kalla, ta ce, “Malam Sale, kai ka dafa ƙirji.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ba zan iya cewa ban sani ba, don wannan tona wa maigidana asiri ne a gaban mata, kuma ba zan iya cewa na sani ba. Na tsaya ina kallon takalmina kamar ɗalibin da aka kama. Suka juya suka hau kekunansu, furar ma ba su ƙarasa ba. Turmin yana nan a kan tabarma inda aka dire shi. Garin neman gira mun rasa ido.

Kafin magariba labari ya zaga kasuwa. Dillalin nan na Bolari ya aiko a tambaye ni wai ko kura ta ƙoshi. Maƙeran da suka ba mu kuɗinsu suka daina amsa mini sallama da kyau. Aka fara yankan dawa, tifa ta zo ta juye yashi a bakin kurmin, Buba ya aiko cewa ƙannensa sun matsa masa. Na yi kwanaki ina fita da niyyar Manawashi ina dawowa daga bakin layinsu. Daga baya na ga kunyata ba ta kai kurmin daraja ba, na je na yi sallama a gidan Mama Rifkatu.

Ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci kafin ta ce a ba ni kujera. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Na san tsohon nan ba mugunta ya yi ba. Da mugunta ce da sauƙi, sai a kira 'yan sanda. Girmama ni ya yi, shi ne abin tsoron. Gobe in wani babba ya zo, da me za ku girmama shi?”

Na ce, “Mama, ba za a sake ba.”

Ta ce, “Haka ka ce wancan karon.”

Sannan ta faɗi sharuɗɗanta. Matan sun yarda za su cike kuɗin, don itatuwan ba su yi musu laifi ba. Amma ba da sunan masassaƙa za a saya ba, da sunan jama'a ne, kuma babu masassaƙi a kwamitin. Za a kewaye shi da waya, a sa maigadi daga gidan Jauro. Mai magani zai shiga, mai zuma zai shiga, 'yan makaranta za su shiga. Masassaƙi ma zai shiga, amma ba da ƙarfe ba, ko busasshen reshe ba zai fitar ba. Abin da muka tara da yawon da na yi duk za a zuba a ciki. Ta ce, “In kun yarda, gobe a kira Buba. In ba ku yarda ba, ku je ku kalli tifa.”

Na dawo na sami Bappa a zaure na zayyana masa. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, “Turmin fa, ta karɓa?” Na ce ba ta karɓa ba. Sai ya ce a yarda.

Haka aka sayi Kurmin Jauro. Yana nan, ku je ku gani, gidaje sun zagaye shi ta gefe uku amma ba su shiga ba, kwarin ma bai ƙara ko taku ba. Mu kuma muna nan muna sayen kirya a hannun masu kawowa daga nesa, in an samu. In kun tashi taku gidauniyar, kafin ku rantse wa mutane da sunan jama'arku ku fara zama da su ku tambayi kowa abin da ya fahimta da rantsuwar, musamman wanda kuka fi jin nauyinsa.

Bayan an gama shingen da 'yan makonni, wata Juma'a Bappa ya ce in raka shi ya ga wurin. Ya rataya tsohuwar jakar fatarsa, wadda ba ya fita sai da ita. Maigadin jikan Jauro ne, ya san Bappa tun yana rarrafe. Da ya gan mu ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi da Fulatanci, ya buɗe ƙofar. Bappa ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai mutumin ya ɗan tare hanya, ya kasa haɗa ido da shi.

Ya ce, “Bappa, ka yi haƙuri. An ce sai na duba jaka.”

Na buɗe baki zan yi faɗa. Bappa ya riƙe mini hannu. Ya sauke jakar da kansa ya kwance bakinta, ya zaro ƙaramin gizagonsa ya miƙa ta ƙota, sannan ya buɗe jakar sosai ya tura masa.

Ya ce, “Duba da kyau, ɗana. Har yanzu in na ga kirya mai kyau, turmi nake gani.”